Trump ya dawo, ni dai ban yi mamaki ba

Tun daren da sakamakon zaɓen shugaban ƙasar Amurka na Nuwamban 2024 ya fara fitowa 'yan uwa daga Kano da Zariya suke ta kirana, kowa tambayarsa ɗaya, wai ya aka yi Amurkawa suka sake zaɓen mutumin da kotun New York ta samu da laifuka 34 a watan Mayun 2024, mutumin da magoya bayansa suka afka wa majalisa ranar 6 ga Janairun 2021? To ni dai ba ni da ƙuri'a a nan, takardar zama kawai gare ni, amma a Michigan nake zaune kusa da Dearborn, ina shiga kasuwa ina biyan haya kamar kowa, kuma wallahi duk wanda yake sauraren hirar mutane a layin biyan kuɗi ya san abun da ke tafe.

Tsadar rayuwa ce ta kada su Kamala Harris, mataimakiyar Shugaba Biden da jam'iyyar Dimokurat ta tsayar. A watan Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1, rabon da a ga haka shekara arba'in, daga baya ta lafa amma ai kayan ba su koma kuɗinsu na da ba, ƙwai da nama da haya da inshorar mota har lokacin zaɓen duk suna nan inda suka hau, su kuma 'yan Dimokurat suna ta fitowa talabijin suna cewa tattalin arziki lafiya lau, ga aikin yi ga alƙaluma. Sai na riƙa tuna ministocinmu na gida. Mutum yana gaya maka albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata kai kana karanto masa lissafi.

Kuma kayen ba ƙarami ba ne, Trump ya samu ƙuri'un wakilan jihohi 312, Kamala 226, alhali 270 ake nema, jihohi bakwai ɗin nan da ake ta kai ruwa rana a kansu duk ya kwashe har da tamu, ya kuma fi yawan ƙuri'un jama'a, abun da bai samu ba a 2016 lokacin da Hillary ta fi shi da kusan miliyan uku.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Dearborn. Garin Larabawa ne, masallatai ko'ina, da can Dimokurat suke yi ido rufe, amma a 2024 Trump ne ya zo na ɗaya a garin, wasu da yawa kuma suka ba Jill Stein, 'yar takarar jam'iyyar Green. Magajin garin Hamtramck na nan Michigan a wancan lokacin ma, Amer Ghalib, Musulmi ɗan asalin Yaman, fitowa ya yi ya mara masa baya. Mun sha musu bayan sallar Juma'a, ina ce musu haba jama'a, Trump fa shi ne ya hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shigowa a 2017, a 2020 ya saka Najeriya cikin jerin, sai su ce min ɗan'uwa mun sani, amma bama-baman da ke sauka a Gaza da Lubnan a mulkin wa aka tura su? Ba son shi suke ba, horo suka yi wa Biden da mataimakiyarsa. Ni har yanzu ina ganin sun yi gudun gara ne sun faɗa gidan zago, amma ba zan ce wa wanda ya rasa dangi ya yi lissafi da sanyin zuciya ba.

Nan ne nake jin haushin namu. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura dubu a 2024, yara sun fito zanga-zanga a watan Agustan shekarar, wahalar da talakan Kano yake sha Ba'amurke ko a mafarki bai taɓa ganin irinta ba, amma a nan yunwa ƙuri'a take zama a kori mai mulki, a can kuwa ita ce jarin ɗan siyasa, ranar zaɓe a zo da taliya da atamfa da 'yan dubu biyu shike nan an gama. Ba wai ba mu iya ba ne, mun yi a 2015, Jonathan ya kira Buhari tun kafin a gama sanarwa. Kamala ma washegari ta fito a jami'ar Howard ta amsa kaye, ba a yi ta jan shari'a har kotun ƙoli kamar tamu ta 2023 ba, kodayake kar wani ya ce min waliyyai ne, shi gogan ai har yau bai yarda ya faɗi a 2020 ba.

Damuwata yanzu 'yan uwanmu ne da bizarsu ta ƙare suna fafutuka a ɓoye, Trump ya ce zai yi korar baƙi da ba a taɓa yi ba, kuma wannan karon majalisar dattawa tana hannun jam'iyyarsa ta Rifablikan. Sannan harajin da ya ce zai lafta wa kayan waje, ni ban ga ta inda zai sauko da kuɗin ƙwai ba, ina jira dai in ji me masu layin biyan kuɗi za su ce kafin zaɓen majalisa na 2026.