Makarantar Lahadi ba wurin ajiye yara ba ce

'Yan'uwana cikin Almasihu, ranar Lahadin nan na tsaya a bakin ɗakin yara bayan an tashi sujada, iyaye suna ta zuwa ɗaukar 'ya'yansu. Wata tana tambayar ɗanta ina ya jefar da takalminsa. Wata ta hau faɗa don riga ta yi datti. Wani yaro ya fito da takardar da aka rubuta masa ayar haddacewa, yana ta ɗaga wa babansa, baban kuwa yana kan waya. A ƙasa takardar ta ƙare, aka bi ta kanta. Har ɗakin ya watse ban ji wanda ya ce, "Me aka koya muku yau?" ba.

Mu gaya wa juna gaskiya. Da yawanmu muna son makarantar Lahadi ne don a kwashe mana yara mu ji wa'azi babu kuka babu guje-guje. Abin da ake yi da su a can kuwa, ko oho.

Shi ya sa duk wanda aka gani zaune shi ake turawa. Fasto yakan hana idonsa barci yana shirya wa'azin manya, mawaƙa su yi ta gwaji cikin mako, amma darasin yara sai a buɗe littafin karon farko a gabansu. A sa su waƙa, a ba su labarin Dauda da Goliyat da suka ji har sun gaji, sauran lokacin kuma "ku yi shiru" ne. Yaro ya yi tambayar da ke damunsa, me ya sa Allah ya bari aka sayar da Yusufu, a ce masa ya cika surutu. Ban ga laifin malaman sosai ba. Wa ya horar da su? Wa ya taɓa saya musu littafi, ko ya ce musu sannu da aiki?

Ku duba Markus 10. Almajiran da suka tsawata wa masu kawo yara ba mugaye ba ne, gani suke Ubangiji yana da aikin da ya fi wannan muhimmanci. Markus bai ɓoye ba, ya ce Yesu ya ji haushi. Irin tunaninsu muke yi yau, sai dai namu da ladabi.

Lokacin da Robert Raikes ya fara wannan aiki a Ingila a 1780, yaran da ya tara 'ya'yan talakawa ne masu wuni a wurin aiki kwana shida, yawancinsu babu mai koya musu ko baƙi a gida. Namu fa? Ga uwa ga uba, ga Littafi Mai Tsarki a ɗaki har da na cikin waya. Umarnin Maimaitawar Shari'a 6:7 kuma iyaye aka ba: a zaune a gida, a kan hanya, da kwanciya, da tashi. Mako awa 168 ne. Kin ba malama guda ɗaya, Mama, sauran na wa? Bangaskiyar Timoti wurin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta fara zama, Bulus da kansa ya shaida.

Mahukunta 2:10 tana ba ni tsoro. Tsara guda kawai ta shuɗe, sai ga wata ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, 'ya'yan mutanen da suka ga ayyukansa da idonsu.

Dattawan ikkilisiya, ina roƙonku, ku leƙa ɗakin nan, ku zauna a ƙaramin bencin har a tashi. Ku sa makarantar Lahadi cikin kasafin kuɗi, ku nema wa malamai horo. Maza kuma ina kuke? Kun bar wa mata da 'yan mata aikin gaba ɗaya, yaranmu maza suna girma da tunanin cewa maganar Allah ta mata ce. Baba, ka iya karatu, ka san labaran nan. Don Allah ka je ka ba da sunanka wannan makon.