Makaɗi, ka ƙirga bugu kafin ka cilla gula sama

Jama'a, wasa da sanda a tsakiyar kiɗa ya fara yawa a haflolin bikinmu a nan Sudan, daga Gadarif zuwa Kassala har Mai Wurno. Yaro ya kalli bidiyo biyu a TikTok, gobe sai ga shi a saiwan, wato rumfar biki, yana juya sanda a yatsu yana cilla ta sama, masu rawa kuwa ƙafarsu na laluben bugun da bai zo ba. Ni ban ce a daina ba. Abin da nake cewa shi ne kowane juyi lokaci yake ci, kuma daga jikin kiɗan ake yankar lokacin.

Mu yi lissafi. A ce kiɗan yana tafiya bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ke nan. Sandar da ta tashi santimita 30 sama da hannunka, rabin daƙiƙa take yi kafin ta dawo, bugu ɗaya ya tafi. In ta haura mita ɗaya da kaɗan, daƙiƙa guda ce cur, bugu biyu. Ban sa lokacin ɗaga hannu da na gyara riƙo bayan cafewa ba. Gwaninta ba ta rage wannan, ƙasa ce ke jan sanda, ita kuwa ba ta san gwani ba. To ka fara tambayar kanka: ina waƙar take da gurbin bugu biyu ko uku da wannan hannun ba shi da aiki?

Mai gangar jaz, wato jerin gangunan da ake kaɗawa a zaune da hannu da ƙafa, yana da ɗan sauƙi, don ƙafafunsa biyu suna riƙe masa kiɗa. A kiɗa mai bugu huɗu, hannun hagu kan sauka a kan ƙaramar ganga a bugu na 2 da na 4, tsakaninsu akwai sarari, juyi ɗaya a yatsu zai shiga. Hannun da ke kan farantan ƙarfe kuwa a bar shi da aikinsa, shi mai orga da mai jita suke saurare. Kuma kiɗan Sudan irin mardum da sira a cike suke maƙil, gurbinsu kaɗan ne, wanda ya ce sai ya yi wasa a cikinsu kusan kullum zai biya da bugu.

Inda ake faɗuwa ba a juyin ba ne, a dawowa ne. Sandar gangar jaz mai lamba 5A tsawonta inci 16, wajen santimita 40, ana riƙe ta a kusan kashi ɗaya cikin uku daga gindi, nan ne take tsalle da kanta in ta taɓa fata. Kafin ka juya ta sai ka zame ta zuwa tsakiya, tsakanin manuniya da yatsan tsakiya. In ba ka mayar da ita mazauninta ba kafin bugu na gaba, za ta sauka a gajarce, sautin ya fito a mace ko ta daki bakin ƙarfe. Maganinsa a gida yake: ka kunna manhajar ƙirga bugu a waya a kan 60, ka juya ka sauka daidai sau 20 a jere ba kuskure, sannan ka ƙara 10. Ba ka kai saurin waƙar ba, kar ka kai shi gaban mutane.

Mai kalangu kuma, ƙanena, maganarka daban ce. Gula a lanƙwashe take, nauyinta na wajen kai, in ka cilla ta karkacewa take yi a iska, ba ka san ta wane gefe za ta zo maka ba. In kan ya sauka a kaikaice da ƙarfi, fatar kalangu siririya ce, tana iya yagewa, biki kuma bai ƙare ba. Ga wani abin da ba a lura da shi: da ka miƙa jiki za ka cafe, kafaɗa ta motsa, hammata ta saki, tsarkiya ta yi sako-sako, muryar kalangun ta faɗi. Kalangu fa magana yake yi. Matse tsarkiya da sakinta shi ke fitar da hawa da saukar muryar Hausa, shi ya sa dattijo daga bayan saiwan yake gane takensa tun ba a kira sunansa ba. Ka yanke take a tsakiya don gula tana sama, kamar maroƙi ne ya haɗiye sunan uban ango. Adon mai kalangu yana cikin takunsa, da rusunawa, da juya jiki, da tafiya har gaban wanda ake yi wa kirari, duk ba su cin bugu ko ɗaya. In dai sai ya yi wasa da gula, ya bari sai 'yan amshi sun karɓa, kuntuku na riƙe da kiɗa.

Sai kuma wurin da kansa. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, tafin hannu ya jiƙe, sanda mai fenti ta zama kamar sabulu. A goge wurin riƙo da sanfefa ko a naɗa masa tef. Ka ɗaga kai tun kafin a fara, ka ga inda fanka take da inda fitila ke haske ido, don sandar da ta shiga haske ba ka ganin saukowarta. Wuta na iya ɗaukewa sanda tana sama. Yara kuma a gaba suke zama, ga masu zuwa suna kaɗa yatsu a kan mawaƙi suna cewa "abshir", kalmar taya murna ta Larabci. Wurin da ya cika haka, ba a cilla komai.

Wanda yake ganin wasansa ba ya taɓa kiɗa, ya sa a ɗauke shi a waya, ya kifa wayar, ya saurara da kunne kaɗai. In ya iya nuna daidai inda ya yi wasan, to masu rawa ma sun ji shi a ƙafarsu.

Ku shirya da mawaƙi tun a gwaji a kan wuri ɗaya ko biyu, galibi inda kowa ya tsaya kafin amshi, ko bugun rufewa. Sanda ta faɗi, kar ka sunkuya nemanta, ƙafa ta ci gaba da aiki, hannu ya zaro wata daga jakar da ka rataya a jikin babbar gangar gefenka, aƙalla guda huɗu a ciki. Mai kalangu ya soke gula ta biyu a ɗamara ta gefen hannun da yake bugu da shi, kanta a sama.