Sabo turken wawa

Ƙannena, ku ɗauko biro ku yi mini wannan lissafin. Ga tulu uku: ɗaya yana cin awo 21, ɗaya 127, ɗaya 3. Ina son ruwa awo 100 cif. Sai ka cika babban, ka rage cikin na 21 sau ɗaya, cikin na 3 sau biyu, abin da ya saura ɗari ne. In na jero muku irinsa biyar, duk ta hanya ɗaya ake fita, hannunku zai faɗa. To ga wani: tulu mai 23, da mai 49, da mai 3, ina son 20. Na san yawancinku mai 49 za ku ruga ku cika, ku rage 23, ku rage 3 sau biyu. Amsa ta fito, amma kun sha zagayen banza, don da kun cika mai 23 kun rage 3 an gama.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Abraham Luchins, shi ya yi wannan gwajin, ya wallafa shi a 1942. Waɗanda aka fara sabar wa doguwar hanya sun manne mata, waɗanda ba su taɓa ganinta ba kuwa nan take suka hango gajeriyar. Da aka kawo 28 da 76 da 3, aka ce a fitar da 25, inda doguwar ba ta ɓullewa, da yawa cikin masu sabon suka cije, alhali 3 kawai za a rage daga 28.

Abin da nake gani ke nan a wajenku, ku masu kwana kan tambayoyin JAMB na shekarun baya. Ban hana ba, ni ma na yi. Amma kun haddace hanya ba ku tambayi dalilinta ba, shi ya sa da an ɗan juya tambaya sai ku ce malam ya yi mugunta. Ba mugunta ya yi ba, tulun ya canja muku.

Akwai wani turken da ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne sunan da muke kiran abu da shi. Wani Bajamushe, Karl Duncker, ya ba mutane kyandir da ashana da kwali cike da ƙananan ƙusoshi, ya ce a kafa kyandir a bango yadda zai ci ba tare da ya ɗiga a tebur ba. Wasu suka yi ta fama su soke kyandir da ƙusa, wasu suka narka gefensa su manna. Mafita kuwa a juye ƙusoshin, a kafe kwalin a bango, a ɗora kyandir a kai. In aka ajiye kwalin fanko, ƙusoshi a gefe, masu ganewa sun fi yawa. Muddin kana ce masa "kwalin ƙusa", idonka ba zai ga mazaunin kyandir ba.

Ku dubi ƙaninku ɗan shekara biyar a tsakar gida. Gwangwanin madara a wajensa mota ce, tsohon silifas tayoyi ne, karan dawa sitiyari. Mu da muka girma, bola kawai muke gani. Wanda ya fara yanka tsohon tif ya ɗinka guga, bai tsaya kan cewa wannan na cikin taya ne ba. Roba ya gani wadda ruwa ba ya ratsawa.

Don haka in tambaya ta cije maka, kada ka ƙara mata ƙarfi ta inda ka saba. Rufe littafin, ka faɗi tambayar da Hausa, da baki, kamar kakarka kake wa bayani. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba. Sau da yawa Turancin da ka haddace ne ya lulluɓe ramin. In kayan aiki ne a gabanka, cire masa sunansa ka faɗi da me aka yi shi, nauyinsa, faɗinsa, ko yana lanƙwasuwa. In duk ta ƙi, tashi ka yi alwala ko ka zaga ka dawo.

Ga na gida kafin gobe: tulu mai 15, da mai 39, da mai 3, ina son 18. Kada wanda ya taɓa mini mai 39.