Hayar Mararaba da lissafin da ba ma yi

Tun da na zauna a Ingila nake lura da yadda Bature ke neman gidan haya. Kafin ya taka ƙafa ya ga gidan, ya riga ya duba kuɗin tikitin jirgin ƙasa na shekara, da harajin ƙaramar hukuma, da abin da ɗumama ɗaki zai ci masa a hunturu. Sau da yawa gidan bayan gari mai rahusa, in aka ɗora masa tikiti, sai ya kamo na cikin Landan.

Mu a Abuja abu biyu ke yanke mana hukunci: kuɗin haya, da "wurin ya kwanta min a rai". Ƙanina da ke aiki a Wuse, cikin birnin Abuja, ya kira ni yana murna: "Yaya, na samu ɗaki da falo a Mararaba, wallahi kamar kyauta!" Mararaba kuwa gari ne a wajen Abuja, cikin jihar Nasarawa. Na ce masa ɗauko biro. A ce zuwa da dawowa naira 2,000 ne a rana, kwanakin aiki 22 a wata, a shekara ka zubar da naira 528,000 a kan titi. Ba a ma sa awannin da cunkoson Nyanya ke haɗiyewa ba: a fita bayan asuba, a dawo yara sun yi barci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu.

Abin haushin, ba lissafin ne ba mu iya ba. Uwargidan da ke jijjiga mudun shinkafa a kasuwar Utako, ta zaga rumfa uku kafin ta saya, ta fi mai kwamfuta ido. Sai an zo babbar magana mu ajiye wannan basirar, mu bi zuciya.

Amma a yi adalci. Bature wata-wata yake biyan haya. Mai gida a Abuja kuwa kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga na dillali, ga na lauya, don haka mutum na kama abin da aljihunsa ya kai ne a ranar. Ƙila ko bayan lissafi Mararabar ce dai mafita. Ƙanin nawa ma can ya zauna, sai dai ya bar ɗakin can cikin lungu da sai an hau acaɓa, ya ƙara kuɗi ya kama na bakin titi.