Nasiha ga Mai Tafiya Kallon Halittun Allah

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A Suratul Ankabut, aya ta 20, Allah Ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda Ya fari halitta. Yawon buɗe ido da kyakkyawar niyya abu ne mai kyau. Abin tsoro shi ne mutum ya je kallon ayoyin Ubangiji ya baro ɓarna a bayansa, alhali aya ta 56 a Suratul A'araf ta hana ɓarna a ƙasa bayan an gyara ta.

Murjanin da aka ambata a Suratur Rahman, da yawa sun ɗauka dutse ne. Wallahi rai gare shi. Ƙananan halittu ne da ke zaune a dunƙule, a jikinsu kuma akwai wasu 'yan tsirrai dangin gansakuka, su ke ba su launi da mafi yawan abinci. Idan zafin ruwa ya haura yadda aka saba a lokacin zafi da digiri 1 kacal, ya jima makonni a haka, sai murjanin ya fitar da tsirran, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi. In ruwan bai huce da wuri ba, mutuwa zai yi. Hakan ya auka wa babban jerin murjani na gaɓar Ostireliya a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024. Halittar da ke cikin wannan hali ce wani zai taka da ƙafa don ɗaukar hoto. Kada ka taɓa, kada ka tsaya a kai, kada ka ɓalli ko ɗan guntu, domin abin da ka karya a daƙiƙa ɗaya shekaru ya yi yana girma. Ka kuma tambayi mai jirgi inda zai saki ƙarfen tsayawa. Irin wannan ƙarfen da cunkoson baƙi ne suka sa Tailan ta rufe gaɓar Maya a 2018, ba a buɗe ba sai 2022.

Kunkurun teku ya fi ba ni tausayi. Da dare uwar ke fitowa ta haƙa rami a yashi ta zuba ƙwai. 'Ya'yan in sun ƙyanƙyashe, hasken da ke saman ruwa suke bi su gane teku. Ka haska fitilar waya, sai su juya su nufo tudu, su galabaita, tsuntsaye su tsince su. A kashe fitila. In ya zama dole, a yi amfani da jar fitila mara ƙarfi, a tsaya ta bayan uwar. Ledar da ka yar kuwa, in ta shiga ruwa kama take masa da abincinsa, ya haɗiye, hanjinsa ya toshe.

Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta karkaɗa fikafikai. Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ba su yanka ba, ba su ji musu ciwo ba, firgicin uwar kaɗai ya sa aka tsawatar. Allah Ya ba mu irin wannan tausayin.

To, tazarar da masu gadin daji ke gindayawa ba takura ba ce. A gandun Yellowstone na Amurka, mita 91 ne tsakaninka da kyarkeci, mita 23 da yawancin sauran dabbobi. Wajen gwaggon biri a Ruwanda da Yuganda, mutum 8 ake bari a rukuni, awa 1 kawai, don murar ɗan Adam tana kama su har ta kai ga kisa. Mai mura ya ji tsoron Allah ya haƙura, ko da ya riga ya biya. Kada a ba naman daji abinci: ya saba da hannun mutane, gobe ya ciji wani, a harbe shi.

Sai tsaraba. Tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, amma har yau ana kashe giwaye saboda akwai mai saye. Farar karkanda ta arewa kuwa, namijinta na ƙarshe ya mutu a Kenya a 2018, mata 2 suka rage. Duk abin da aka sassaƙa da haure, ko ƙaho, ko ƙoƙon kunkuru, ko murjanin da aka ɓallo, a bar wa mai tallan kayansa komai arharsa.