Wata biyar da rami a ƙofar gida

Wata na biyar ke nan titinmu yana haƙe. Ƙarfe bakwai na safe daidai katafila take tashi, kuma da yake ɗakin ƙarƙashin ƙasa nake haya, kamar da yawa daga cikin baƙin da ba su daɗe a birnin Toronto na ƙasar Kanada ba, ni nake fara jin ta a jikin bango kafin masu gida da ke sama su farka. Kofin shayi har rawa yake yi a kan tebur. Tagata ƙarama ce, daidai da ƙasa take, ba abin da nake gani ta cikinta sai takalman leburori da tayar tifa.

Ranar Talatar da ta wuce na ja kwandon shara zuwa bakin layi, domin motar kwasa ba ta iya shigowa yanzu. Nan na haɗu da wani dattijon Bature maƙwabcinmu, yana riƙe da igiyar karensa, yana ta mita a kan ƙura da ƙara. Da ya gama sai ya dube ni da murmushi ya ce, "Kai dai ba zai dame ka ba, ai ka saba da irin wannan a can ƙasarku." Na ce masa a tashi lafiya, na wuce. Amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro wuni guda.

Da dare na zauna na tambayi kaina, wai na saba ɗin? Rami na saba da shi, ƙura da taɓo ma haka. Amma ramin da hukuma ta haƙa don ta binne bututun da zai ɗauke ƙazantar unguwa, wallahi tun da aka haife ni a cikin birnin Kano ban taɓa ganin irinsa a lungunmu ba.

Bari in gaya muku yadda abin yake a nan. Makonni kafin a fara, an jefa wa kowane gida takarda mai taswira, da ranar farawa, da lambar da za ka kira. Ramin ya fi tsayin mutum biyu. Suna sauke wasu manyan bangayen ƙarfe hagu da dama don kada ƙasa ta rufta da ma'aikata, sannan a zura bututun siminti wanda babban mutum zai iya shiga ciki a sunkuye. In za a ɗauke ruwan famfo, sai an sanar da kai tun jiya. Da yamma su share titi, su shimfiɗa farantin ƙarfe a bakin kowane gida don a samu wucewa. Dalilin aikin kuwa, a tsofaffin unguwannin garin bututu ɗaya ne yake ɗaukar ruwan sama da na banɗaki, to in aka yi mamako sai ya cika ya dawo da baya, ya ɓullo a ɗakuna irin nawa. Ranar 8 ga Yulin 2013 an sauke ruwa milimita 126 a filin jirgin Pearson, har wani jirgin ƙasa ya maƙale cikin ruwa da fasinjoji kusan 1,400. A Yulin 2024 ma an sake yin ambaliya. Shi ya sa suke bin unguwa-unguwa suna faɗaɗa bututun.

Ba na cewa babu wahala. Ranar gamawa da aka rubuta mana ta wuce, mai shagon kan kwana ciniki ya ja masa baya, na kuma ga wata mata tana ɗaga keken jariri a kan tsakuwa tana share hawaye. Dattijon yana da hakkin yin mita.

Sai dai in da ana sayar da wannan wahalar, da na saya na aika gida. Kowa ya san kwatarmu, ba sai na yi bayani ba. Kowa ya san Jakara, da yadda aikin rufe ta ya yi shekaru a yashe, da kududdufan da ada suke shanye ruwan birni aka cike su aka yi gini a kai. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu cewa laifinmu ne, mu ƙazamai ne, muna zuba leda a lambatu. Ledar gaskiya ce. Amma ni na tashi na ga marigayi mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana naɗe wando kafin saukar damina, ya tara samarin layi da shebur da baro, a yi gayyar yashe kwata tun asuba har azahar, mata suna aiko da kunu. A nan Toronto ban taɓa ganin mai gida ya sa hannu a kwata ba, haraji ya biya aka yi masa. Talaka zai iya yashe kwata, zai iya haƙa shadda da sokawe a gidansa. Ba zai iya binne bututu daga Gwammaja zuwa bayan gari ba.

A watan Agusta na kira Hajiya. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, ya ruwa?" Ta ce, "Ruwa ya yi gyara, ɗan nan, sai godiya. Ku ya sanyi?" Ba mu cikin sanyi a lokacin, amma kullum sai ta tambaya. Bayan awa guda ƙanwata ta turo mini bidiyo a ɓoye. Rariya ta daina fitar da ruwa, shigo da shi take yi. Tsakar gida ya cika har idon sawu, baƙi ƙirin, an ɗora katifa a kan bokitai, Hajiya na sunkuye da kwanon sha tana kwarfewa daga ƙofar ɗakinta.

Na tura kuɗin siminti aka ƙara wa dokin ƙofar tsayi, karo na uku ke nan. Yanzu ya kai mata kusan gwiwa, ga ta da ciwon ƙafa. Ƙanwata ta ce sai ta dafa bango take tsallakewa, in za ta fito alwalar asuba kuma sai an tashi wani ya riƙe mata hannu.