Ɗari takwas aka sayar da muryar Baba

Tun jiya raina a ɓace yake, kuma duk mai shirin ce min "ai yaro ne" ya riƙe abinsa. Wanda ke aji uku a jami'a a Samaru ne yaro? Jikan Baba ne fa, ya kwashi kwali guda na kaset, ya haɗa da rikodar Baba, ya miƙa wa ɗan jari bola a kan naira ɗari takwas. Wai "Kawu, tarkace ne fa, sun cika ɗaki." Sannu injiniya. Allah ya ƙara basira.

Muryar Baba ce a ciki. Murya fa!

Lokacin da Yaya ke Jidda ba mu da waya. Sai 2001 wayar salula ta shigo ƙasar nan, kafin nan layin NITEL sai gidan wane da wane. To kaset ake aikawa. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a sa sabon batir, a danna maɓalli biyu tare. Baba ya yi gyaran murya, ya yi sallama kamar Yaya na durƙushe a gabansa. Inna ta karɓa, kuka ya ci ƙarfinta, a tsayar, a ci gaba. Har kukan akuyarmu yana ciki. A ba maniyyaci ya kai, amsa sai alhazai sun dawo. Da Yaya ya tattaro ya dawo gida, ko ɗaya bai bari a can ba.

Wani zai ce ai yanzu ga saƙon murya a WhatsApp. Ina wanda aka turo maka bara? An fizge wayar a Kwangila, shi ke nan. Kaset kuwa in zare ya tsinke a liƙe da jan farce, a zura biro a naɗe, ya ci gaba da magana. Shekara talatin yana jira a cikin kwali, sai ga ɗan boko.

Na san laifina ne ma, ban taɓa zaunar da shi na kunna masa ba. Bai taɓa jin kakansa ba, yanzu kuma ba zai ji ba.

Af, 'yan jari bolan nan da ke yawo da baro a Tudun Wada, wa ke sa musu ido ne wai? Makon jiya tukunyar maƙwabciyarmu ta yi ƙafa, da wake a ciki.